Likkafanin da Na Bayar

Tungarmu tana bakin ruwa ta wajen Ngaski. Gidajen ba su kai arba'in ba, maza su yi su, mu mata mu yi banda. Can anka kai ni aure, can na haifi ɗiya takwas, ƙasa ta ci biyar tun suna ƙanana. Na rage da ɗan farina, da mace guda da ke aure Shanga, da auta. Karatu kam ban yi shi ba sai da haƙorana sunka zube, a ajin mata nan Yelwa, bayan mun baro gida. Malamar ajin ta ce kowa ta rubuta wani abu na garinsu. Wasu sunka rubuta yadda ake dambun kifi. Ni wanga shi ne ke bakina.

Muna da wata al'ada da munka taras tun kakanni. Duk gawar da ruwa ya kawo, wanda ya fara ganinta shi ke jawo ta. Ba a tambayar ɗan wane ne. In namiji ne maza su wanke shi, in mace ce mu wanke ta, a naɗe da farin ƙyalle, liman ya yi salla, a kai tudun da ruwa bai kaiwa ko ya cika. Sannan a kafa tsohon filafilin tuƙin jirgi wajen kai, don in dangi sun biyo gulbi suna cigiya su san akwai wanda ke kwance nan. Akwai tsoron Allah cikin abin, amma ba zan ɓoye ba, akwai kifi ciki. Gawa in ta daɗe a ruwa tarwaɗa ke cinta, in kuwa labari ya kai kasuwar Yelwa, kifin tungarku sai ya ruɓe a kwando ba a taya ba. Ni da hannuna na wanke matan da ban taɓa gani ba, na ranar kasuwa da jirgi ke kifewa da su. Wata har da lalle sabo a ƙafarta.

Ɗan farina shi ne sarkin jirgin tungarmu, wato shi ke kula da bakin ruwa da masu ƙetarewa. Mutun ne mai nauyin baki. Ban taɓa kiran sunanshi ba, shi ma bai zama inda nake zaune, haka muke da ɗan fari. Auta kuwa a kaina ya girma. Shi ke gyaran injin jirgi, yana da mata da ɗiya uku, amma in ya shigo gidana sai ya buɗe tukunya kafin ya gaishe ni.

Shekarar da abin ya faru 'yan bindiga sun hana ƙasa sakat. Sun kwashi shanu wajen Shanga, sun kashe mutane a gonakinsu, sannan sunka yi wa motar soja kwanton ɓauna sunka kashe na ciki. Sojoji sunka bi su har mashigin da ke sama da mu. Tun azahar muke jin harbi har la'asar sakaliya. Ban ga komai ba, ina dai zaune bayan banda da jikokina cikin zanena.

Wanda ruwa ya ci, rana ta uku yake tasowa. Ran na uku da safe ɗan farina ya tafi duba gurarshi, tarkon kifin nan na saƙa, ya dawo yana jan mutun biyu a bayan jirgi. Kafin hantsi sun zama biyar. Kowa ya gan su ya san ko su waye. Gashi a kitse, layu har gwiwar hannu, ɗaya da ɗamarar harsashi a ƙugu. Harsashi ya fasa wa wani muƙamuƙi, kifi ya fara taɓa wurin.

Wani maƙwabcinmu ya ce, "Sarkin jirgi, waɗanga ɓarayi ne fa. A tura su gaba."

Ɗana ya ce, "A tura wa wa? Tungar ƙasa? Su ba kifi suke ci ba?"

Liman ya yi ta shafa gemu, daga baya ya ce hisabinsu yana wurin Allah, namu wanka ne da rami. Sai anka rasa ƙyalle. An yi makonni ba wanda ya je kasuwa saboda hanya. Ni kuwa ina da alawayyo da na saya wa kaina, likkafanina, a naɗe a gindin akwati shekara huɗu. Na shiga na ɗauko.

Auta ya gan ni da shi ya ce, "Inna, kin fasa mutuwar ke nan?"

Na ce, "Na ɗaga sai bayan kaka, ɗan banza. In ta matsa ku naɗe ni da komar kamun kifi."

Mutane sunka yi dariya, ga gawa biyar kwance. Likkafanin mace guda bai isar maza biyar, kowa dai ya samu falle, liman ya cika da tsohon rawaninshi. Anka yi salla, anka kai su tudu, anka kafa filafili biyar a jere. Munka koma aikinmu. Wallahi ko a raina ban kawo cewa mun yi wani abu ba.

Bayan kwana biyu da hantsi ina juya kifi a banda sai na ji motoci. Mota biyu ta tudu, jirgin inji guda ta ruwa. Sojoji sunka bi gida gida suna korar mutane da gindin bindiga. Maza anka kwantar da su rubda ciki a kan yashi, mu mata da yara anka tara mu gindin kuka. Babbansu bai kai autana shekaru ba, Hausarshi tas, har da tabon salla a goshi. Idonshi jawur. Bai tambayi kowa hanya ba, ya nufi tudu kai tsaye. Wa ya kai masu labari, har yau ban sani ba.

Ya sa maza sunka tone kushewun da hannu da filafilan da ke kai. Wari ya tashi, wata jikata ta yi ta amai. Da farin ƙyalle ya bayyana sai ya sa ƙafa ya taka, ya juyo.

"Wa ya ba ɓarawo likkafani?"

Na buɗe baki zan ce ni ce. Ɗan farina ya riga ni. Ya ɗaga kai daga yashi ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ƙannenka ne?"

"Ban san su ba. Ruwa ya kawo su. Haka muke yi wa kowa, ko kai ya kawo haka za mu yi maka."

Babban ya ce, "Yarana da sunka kashe, ɗaya ko kanshi ba mu samu ba. Ku kuna nan kuna yi masu wanka da salla. Ba wanda ke suturta ɓarawo sai nashi."

Liman ya fara bayani, wani soja ya cika mashi baki da takalmi. Sunka ɗaure ɗana hannu baya, sunka ɗauki filafilan nan biyar sunka yi ta dukanshi har uku sunka karye. Suna tambayarshi ina bindigogi, ina sauran, nawa ake ba shi in ya ƙetare da su. Shina cewa babu. Sunka ja shi bakin ruwa, su danna kanshi ciki, su ɗago, su sake dannawa. Mutumin da ke nutso ya ciro inji daga gindin gulbi, ga shi ana shaƙe shi a ruwan da bai kai gwiwa ba. Na tashi da gudu, wani ya make ni da bindiga a ƙirji na faɗi zaune. Daga nan inda nake na ji harbi biyu.

Ran nan na kira sunanshi. Shekara arba'in da wani abu ban taɓa faɗinshi ba, ran nan na yi ta kwarma shi har muryata ta mutu.

Sunka ɗauko man da auta ke ajewa sunka zuba wa jirage, sunka cinna wuta. Kayan kamun kifinmu, koma da taru da mamari, duk anka jefa ciki. Bandunanmu sunka rushe su da ƙafa, kifi ya watse cikin toka. Gawarwakin nan biyar anka sa maza sunka maida su ruwa. Sannan babban ya nuna ɗana ya ce shi ma a jefa. Ya ce duk wanda ya taɓa shi zai bi shi. Sunka tsaya nan da bindigogi har rana ta karkata, muna kallo ruwa na tafiya da shi a hankali, rigarshi ta kumbura a baya. Auta na ɗaure jikin mota yana kallo shi ma. Bai yi kuka ba. Da za su tafi sunka tafi da shi da wasu maza goma sha ɗaya.

Ba jirgi ko guda da za a bi shi. Mun aika tungayen ƙasa, ba wanda ya gan shi, ko kuma sun gani sun ji tsoro, don labarin abin da anka yi mamu ya riga shi isa. Mutumin da ya haƙa wa baƙi kushewa duk rayuwarshi, shi bai samu ba.

Wata huɗu auta ya yi. Tara sunka dawo, uku ba mu sake jin labarinsu ba. Ya dawo da yatsu biyu na hannun dama a sandare, ba su lanƙwasuwa. Ya shigo gidana ya yi sallama ya zauna. Na tura mashi tukunya da ƙafa, bai buɗe ba. Kullum sai ya tafi inda jiragen sunka ƙone ya zauna yana tsintar ƙusoshi cikin gawayi.

Duk watannin nan ba wanda ya zo mamu gaisuwa daga hukuma, ko ɗan aike. Waɗanda sunka zo, 'yan bindiga ne. Wata la'asar bayan dawowar auta sai ga babura wajen goma. Munka watse, sai babbansu ya ɗaga hannu ya ce ba faɗa ya kawo su ba, ta'aziyya ce. Ya tambayi ina uwar sarkin jirgi. Ya zo ƙofar gidana ya tuɓe takalmi ya durƙusa, bindiga a bayanshi. Ya ce ɗaya cikin biyar ɗin nan ƙanenshi ne uwa ɗaya, ya ji wadda ta ba da likkafaninta, ya ji abin da ya biyo baya. Ya yi addu'a mai tsawo. Sunka bar sa guda da buhunan gero.

Na sani sa ɗin na wani bawan Allah ne da anka ƙwace, wataƙila an kashe shi a kai. Na ci naman. Na ci har na suɗe hannu, na kuma ce Allah ya saka masu. Ranar, da an ba ni ashana an nuna mani inda sojan nan ke kwana, da na je. Ina faɗin wanga ne don kar wani ya ce tsohuwa ta wanke kanta ta shafa wa ɗanta.

Kafin su tafi babban ya ce wa auta suna da inji da ya ƙi tashi. Auta ya gyara. Bayan mako sunka kawo wani. Daga nan sai ya zama shi ke ƙetare da su, don ba wanda ya kai shi sanin inda kututturan itace ke ɓoye ƙarƙashin ruwa. Daga nan na ga bindiga a ɗakinshi cikin tabarma. Samari shida sunka bi shi, duk waɗanda anka tafi da su ne ko ƙannensu. Cikinsu har da ɗan maƙwabcin nan da ya ce a tura gawa gaba.

Ni hankalina ya dawo ne ranar da ɗiyata ta Shanga ta iso a ƙasa, ƙafa duk kumburi, da goyo. Mutanen nan da sunka durƙusa a ƙofata sun shiga garinsu, sun yanka ƙanen mijinta gaban matarshi, sun tafi da 'yan mata. Na kira auta na ce ya dubi ƙafar yayarshi.

Ya ce, "Ba da ni anka je ba."

Na ce, "Da jirgin ubanwa sunka ƙetare?"

Ya ce, "Inna, su dai sun zo gaisuwa."

Na ce, "Sun zo sayenka ne da san sata, shashasha, ni kuma na taya ka ci."

Matarshi ta riƙe mashi ƙafa tana kuka, ya zare ya fita. Amma bai daina zuwa ba. Duk bayan kwana uku ko huɗu zai shigo ya ga ɗiyanshi, ya zauna ƙofata. Muddin shina zuwa, ina da rabo a cikinshi, haka na riƙa gaya wa kaina. Ina jiran ranar da zan samu inda zan kama in fizgo shi.

Sai ranar da jirgin soja ya biyo su a ruwa da rana tsaka. Daga baya anka gaya mani auta ne ke riƙe da inji. Ya ja su har cikin kututturan nan, jirgin sojan ya hau ɗaya ya kife, 'yan bindigar da ke ɓoye cikin ciyawa sunka buɗe masu wuta. Mu dai harbi munka ji. Na ƙirga kwana a yatsa, don na san abin da ke tafe.

Rana ta uku da safe wani soja ya taso daidai mashiginmu, ya maƙale a ciyawa, rubda ciki, da kakinshi da takalmi. Duk tunga ta fito. Ba wanda ya motsa. Liman na kallon yatsun ƙafarshi. Wata da mijinta ke cikin ukun da ba su dawo ba ta tofa yawu ta ce a bar wa tarwaɗa. Sai ga auta ya fito daga gidanshi, ashe nan ya kwana, da gwangwala a hannu, doguwar sandar tuƙin jirgi. Ya shiga ruwa zai tura gawar cikin igiyar ruwa.

Na ce, "Aje sandar nan."

Ya ce, "Inna, koma gida."

"Wa ya fara ganinshi?"

Na ce, "To ni na fara ganinshi." Na ɗaure zane na shiga ruwan.

Ya tare ni. Ya ce, "Sun bar yaya ya tafi kamar mushen jaki. Kina zaune kina kallo."

Na ce, "Ina kallo. Na kuma ji abin da ya gaya wa mutumin nan kafin su kashe shi. Kai ma ka ji. So kake ka maida shi maƙaryaci?"

Ya sassauta riƙon gwangwalar. Na ɗauka na kama shi. Na ce a raina, in ya sa hannu munka ja gawar nan tare, ya dawo ke nan. Na miƙa hannu na ce, "Kama mani ƙafar, ni ban iya ja ni kaɗai."

Ya dubi gawar, ya dube ni. Ya ce, "In kin taɓa shi, ki ƙirga ɗiyanki maza biyu sun tafi."

Ban yi tsammanin da gaske yake ba. Yaron da ke buɗe mani tukunya. Na cafki wuyan rigar sojan na ja. Nauyi gare shi kamar buhun gishiri, ruwa har ƙirjina, na faɗi sau biyu na sha ruwa. Da na kai shi gaɓa na juya shi. Na so ya zama mai tabon sallar nan, ba zan yi ƙarya ba. Ba shi ba ne. Wani ne baƙi siriri da ban taɓa gani ba, harsashi ya shiga ta wuyanshi, da zoben aure a hannu.

Da na ɗago, gwangwalar na yawo a kan ruwa. Auta ya hau gaɓa, bai bi ta gidanshi ba, ya bi hanyar daji. Na kira shi bai juyo ba.

Mace ba ta wanke namiji. Na tsaya a kan gawar na ce wa liman, "Malam, ko ka zo ko in tuɓe shi da kaina gaban jama'a." Ya zo, shi da wani tsoho. Da zoben nan a hannunshi ba mu san addininshi ba, don haka ba a yi salla ba. Na ba da zanena na ado anka naɗe shi. Filafili babu ko guda a tungar, duk sun ƙone, sai na tsamo gwangwalar auta na kafa wajen kai.

Ran nan da yamma kowa ya ɗaure kayanshi, don mun san soja za su dawo neman nasu, mun kuma san mutanen daji sun ji wanda munka binne. Bayan kwana biyu anka ƙone tungar ƙurmus. Wasu sun ce soja ne, wasu sun ce 'yan bindiga. Ban tsaya bincike ba, ɗakina dai guda ne kuma ya ƙone.

Yanzu muna Yelwa, ɗaki guda ni da matar auta da ɗiyanshi uku. Ina taya wata mata banda a bakin kasuwa. Sau da yawa ina juya kifi ina sake auna ranar nan. Da na bar shi ya tura gawar, da wataƙila har yau shina zuwa ya zauna ƙofata da bindiga cikin tabarma. Wata rana in ce gara haka, wata rana in ce a'a. Sau ɗaya wani mai jirgi ya ce ya gan shi ta wajen Shanga, ya tara gashi, shi ke ba da umarni. Na ce ya kai mashi saƙo uwarshi na nan da rai. Ba amsa.

Na sake sayen alawayyo, yana gindin akwati. Matar auta ta ɗauka nawa ne, ban gyara mata ba. Masu jirgi na bakin ruwan Yelwa duk sun san ni yanzu. In sun tsamo namiji, kafin a rufe shi sai a turo mai babur ya ɗauko ni. Ba na duba fuska, ruwa na ɓata fuska. Hannun dama nake ɗagawa in lanƙwasa yatsu. Sau bakwai ke nan ina zuwa, duk sun lanƙwasu. Sai in ce masu ba nawa ba ne, amma ku wanke shi da kyau, ku kafa mashi filafili.